Ba walimar sauka ba ce, ɗana

Ɗana, saƙonka ya iso, ya sanyin Mancesta? Ka ce abokin aikinka Bayahude ya gayyace ka bikin ɗansa da suke kira bar mitsba, kana tambaya ko walimar saukar karatu ce irin tamu, kuma me ya kamata ka riƙe. To, ba sauka ba ce. Bari in ɗauko maka zancen daga tushe, tunda na yi shekara 3 ina haya a gidan wani Bayahude a arewacin Landan lokacin da nake karatu, a kan idona ɗansa ya kai wannan munzili.

Rana ta 8 da haihuwa suke yi wa yaro kaciya, ko da ta faɗo Asabar, a nan kuma ake raɗa masa suna. Masu tsananin riƙo da al'ada ba sa taɓa gashinsa sai ya shekara 3, sannan a yi masa aski a bar ɗan gashi ta gefen kunnuwa. Ranar da zai fara karatu wasu kan shafa zuma a kan haruffa yaro ya lasa, wai don karatu ya yi masa zaƙi. Haruffan Ibrananci 22 ne, daga dama ake rubuta su, kuma in ka ji yara suna rera alef, bet, gimel, dalet, abajada ce za ta faɗo maka a rai. A Mishna, littafinsu na hukunce-hukunce, an jera shekarun: 5 a fara Attaura, 10 Mishna, 13 ɗaukar umarni, 15 Talmud (sharhin Mishna), 18 aure. Ka ga ke nan 13 a tsakiyar hanya take, sauran karatu na gaba.

Bar mitsba ma'anarsa ɗan umarni, wato wanda hukunci ya hau kansa. Da yaro ya cika 13 ya zama haka, a yi biki ko kada a yi. Daga ranar ana lissafa shi cikin maza 10 da jam'in addu'arsu ba ya tsayuwa sai da su, azumin Yom Kifur, ranarsu ta neman gafara, na kusan awa 25 ya wajaba a kansa, kuma kullum da safe, ban da Asabar da ranakun idinsu, zai ɗaura tefilin, wasu ƙananan akwatunan baƙar fata masu ɗauke da ayoyi, ɗaya a dantse ɗaya a saman goshi.

Abin da za ka gani shi ne za a kira shi gaban jama'a ya karanta Attaura daga naɗaɗɗiyar fata da aka rubuta da hannu, babu wasali ko ɗaya, kuma da ƙira'a ta musamman. Ɗan mai gidanmu wata da watanni ya yi yana tilawa, har ni da ke ɗakin sama na kusa haddace sautin. Amma abin da ya tsaya mini a rai kalmar uban ce. Bayan yaron ya gama, uba yakan yi godiya ga Allah da Ya sauke masa alhakin laifin wannan yaro. Na tambayi mai gidan ko ba ya jin nauyin faɗin haka a gaban ɗansa, ya yi dariya ya ce ai kuɗin makaranta ba a sauke masa ba.

Sai batun zuwa. Ka sa hularka, ta wadatar. In masu tsanani ne, maza da mata daban suke zama, kuma ranar Asabar ba a taɓa waya, ba a ɗaukar hoto, ba a miƙa kuɗi, don haka ka ajiye gudummawarka sai wajen liyafa. Sun fi son 18 ko 36 ko 54, saboda kalmar rai a wurinsu haruffa biyu ce, ɗaya 8 ɗaya 10, daidai da ha ƙarami da ya a hisabin malamanmu. In yaran suka fara jifan yaron da alewa kada ka firgita, murna ce. Naman alade ba za ka gan shi ba, amma akwai giyar inabi, sai ka tambaya kafin ka karɓi kofi.

Ka gaida mai ɗakinka da yara.