Muryar Anti kan turaren kaki na shafawa

(Na rubuto muryar ne saboda waɗanda rezo, wato network, ya hana su buɗewa)

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma, ya gida ya yara ya zafi. Toh ƙanwata maman 'yan biyu na saurari muryarki, kince turaren fesawa yana saki ciwon kai da atishawa, kin gani a intanet ana yin turare daskararre a ɗan gwangwani ana shafawa da yatsa, kin narka basilin kin zuba humra a ciki abu ya ƙi haɗuwa, ruwa daban mai daban. Kiyi haƙuri muryar zata ɗan yi tsawo, inaso in miki bayani yadda ba zaki sake asarar humrarki ba.

Humra ai da turarukan ruwa ake haɗa ta, masu sinadarin alkol ɗin nan, wata ma har da ruwa a ciki, shi kuwa wannan turaren mai ne zalla da kakin zuma, ko kwana zakiyi kina juyawa ba zasu haɗu ba, in ma ya daskare zaki ga yana tsatstsafo da ruwa daga baya yayi fumfuna. Dan haka duk abinda zai shiga ciki ya zama mai, ko busasshen abu da aka jiƙa a mai. Cokalin ma ki goge shi ya bushe ƙarau.

Abu uku ne kawai, kakin zuma, mai mara wari, sai ƙamshin. Kakin nan alhamdulillah mu bama nemansa da nisa, yankin Adamawa na nan Kamaru wajen Ngaundare da Ngaundal ai nan ne gidan zuma, duk mai ɗan uwa da ke bin hanyar nan zai iya taho miki da shi, kuma masu sayar da zuma a babbar kasuwar Garwa in kin tambaya zasu nuna miki. Amma dan Allah kar a baki kyandir a ce kaki ne, kyandir daga man fetur ake yinsa, kakin gaske in kin shinshina zakiji ƙamshin zuma sama sama. In da datti ya zo ki narka shi cikin ruwan zafi ki tace da tsumma mai tsabta ki barshi ya kwana, zai taso sama ya daskare, ki kankare dattin ƙasan ki shanya ya bushe.

Mai kuma, turawa suna sa man jojoba ko na almon, in kin samu a farmasi ko butik toh madalla amma da tsada. Ni a ganina man zogale yafi mana, baya saurin yin ɗoyi, tun zamanin da masu turare suke amfani da shi saboda haka. Man aduwa ma yanayi, man riɗi wanda ba'a soya riɗin ba shima ba laifi. Man gyaɗa kam a'a, warinsa zai danne komai. Man kwakwa yana narkewa tun a digiri 24, mu da muke haura 40 a Maris da Afrilu kinga ruwa zai koma a jaka. Man kaɗanya yana da kyau ga fata sosai amma yanada nasa warin kuma zafin jiki kaɗai ma narka shi yake, in zaki sa toh ɗan kaɗan.

Anan ne nakeso ku kula, awon da kuke gani a bidiyo na mutanen ƙasar sanyi ne, wasu kaki ɗaya mai uku suke sawa, can yana zama daram, a Garwa ko Marwa ko Kuseri ya kwana a mota ko a ɗakin kwano sai dai ki tarar ya malale. Kaki sai wajen digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, shine yake riƙe turaren, dan haka lokacin zafi kiyi ɗaya da ɗaya, cokalin miya ɗaya na kaki da aka gurza ko aka yanka ƙanana, cokali ɗaya na mai. Lokacin hunturu, Disamba Janairu, ko in kina Ngaundare da ke da sanyi, ki ƙara man ya kusa cokali biyu dan kar yayi tauri yatsa ya kasa ɗiba.

Kar ki ɗora kaki kai tsaye kan wuta, yana kamawa da wuta wallahi, in kuma ya kama ba'a watsa masa ruwa, rufewa akeyi da murfi. Ki zuba ruwa kaɗan a tukunya, ki sa kakin da man a gwangwani mai tsabta ki zaunar da shi cikin ruwan, wuta ƙasa ƙasa ko gawayi ne ko gaz, ki juya da tsinke har ya zama ruwa garai. Kafin ki sa ƙamshi ki ɗiga ɗigo ɗaya a faranti ki jira minti biyu ki taɓa, in yayi laushi ƙara kaki, in yayi tauri ƙara mai, wannan gwajin yafi duk wani awo da zan faɗa miki. Sai ki sauke ki ɗan jira kamar minti ɗaya, sannan ki ɗiga turaren, in kin sa shi yana kan wuta ƙamshin iska zai bi. A wannan awon ɗigo 20 zuwa 30 ya isa. Ki juye a ƙaramin gwangwani ko kwalba mai faɗin baki, ki barshi a buɗe ya daskare, sai ki rufe ki ajiye sati ɗaya ko biyu ƙamshin ya zauna.

Yanzu tunda ke ciwon kai ne ya kawo ki, bari in faɗa miki gaskiya, yawancin ƙananan kwalaben da ake sayarwa an rubuta sandal ko miski ko al'ul haɗin kamfani ne, sandal na gaske daga Indiya ko Ostareliya yake fitowa kuma tsadarsa ba kaɗan ba. Ba wai haramun bane ko basu da daɗi, amma mai yiwuwa su sake tayar miki da kan. Abinda nafi so miki shine kiyi naki ƙamshin da kayan da iyayenmu suke turaren wuta da su, kajiji, saiwar jema, garin itacen sandal, ƙaron hano, jawul, mahalab irin wanda 'yan uwanmu na Chadi suke sawa. Ki daka su busassu ki zuba a kwalba, mai ya sha kansu, ki rufe ki ajiye a inuwa sati huɗu zuwa shida kina girgizawa, sai ki tace, wannan man shi zaki haɗa da kakin ba sai kin ƙara komai ba. Ƙamshinsa baya tashi ya cika ɗaki, a jiki yake kwanciya sai wanda ya matso kusa zaiji, ni kuma abinda yasa nake sonsa kenan, ki shafa a wuyan hannu da bayan kunne bayan wankan dare ki kwanta kiji ranki ya sake. Babu alkol a ciki, maigida ma zai iya shafawa ranar Juma'a.

Amma kar wata ta ɗauka magani ne. Yana sa natsuwa da jin daɗin jiki, iyakarsa kenan, ciwon kan da ya daɗe ko rashin barcin da ya ƙi ƙarewa asibiti za'aje a auna jini a duba. Kuma dan abu daga itace ya fito ba shine baya cutarwa ba, man kanumfari da na kirfa suna ƙona fata, ɗigo ɗaya ko biyu ne iyaka ko a barsu ma. Man ɓawon lemun tsami in kin shafa kin shiga rana yana iya bar miki baƙin tabo. Na'ana'a da man turare, wato ikaliftus, kar su kusanci fuskar jarirai, 'yan biyunki sunyi ƙanƙanta, ki riƙa shafawa inda ba zasu kai baki ba, mai ciki da mai asma kuma su fara tambayar likita. Duk sabon haɗi ki shafa ɗan kaɗan a cikin gwiwar hannu ki jira kwana ɗaya, in yayi ja ko ƙaiƙayi ki barshi.

Kiyi kaɗan kaɗan, wata shida zuwa shekara yake kaiwa, da kinji warin tsohon mai ki zubar. Ki ajiye nesa da yara dan ƙamshin zuman nan yana sa su lasa. Ki ɗauko min hoton man da kike da shi a gida ki turo nan in gani ko zaiyi kafin ki sayi wani. Sai anjima, a gaida maigidan.