Tambayi Injiniya: Allurorin Jirginmu Duka Biyu Suna Rawa, Mu Cire Rediyon?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni likita ne, Bakatsine, ina aiki a jihar Texas ta Amurka. Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi ƙaramin jirgi, Cessna 172 ƙirar 1977. Rediyo biyu ne a cikinsa, duka na kamfanin King: KX 155 a sama, KX 170B a ƙasa. Na saman lambobinsa sun dusashe, sai na kare rana da tafin hannu kafin in karanta. Babbar damuwarmu ita ce allurorin VOR duka biyu, masu nuna mana hanya da saƙon tashoshin rediyo na ƙasa, sun koma rawa, musamman in mun yi nisa da tasha. Mai gyaranmu ya ce a cire duka, a sa Garmin GTN 650Xi guda ɗaya. Biyu sun yarda, mu biyu mun ƙi. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Likita. Allah ya sa albarka a jirgin. Kafin kowa ya taɓa aljihunsa, ku koma kan maganar da ka faɗa da bakinka: duka biyu. Rediyon nan ba sa'o'in juna ba ne, ƙirarsu ma ba ɗaya ba ce, to me zai sa su kama ciwo iri ɗaya a lokaci ɗaya? In famfon kicin da na banɗaki suka kawo ruwa mai laka rana guda, tanki ake hawa a leƙa, ba kan famfo ake canzawa ba.

Abin da suka yi tarayya a kai shi ne eriya. Ka zagaya bayan jirgin ka ɗaga kai, can saman wutsiya za ka ga sanduna biyu sirara sun buɗe kamar harafin V. Ita kaɗai ke kamo saƙon tashoshin VOR, tsakanin megahaz 108 da 117.95, ta turo shi ta waya ɗaya doguwa har gaban matuƙi, inda wani ɗan akwati da bai kai na ashana biyu ba yake raba shi wa rediyon. A jirgin da ya kusa shekara hamsin, sau da yawa wayar nan ita ce ta asali, RG-58, ta bushe ta tsattsage. Gindin eriyar kuwa, in aka kwance murfin, sai ka tarar da farin gari-gari na tsatsar alminiyam ya cinye mahaɗar. Saƙo mai ƙarfi zai ratsa wannan ya wuce, mai rauni ba zai iya ba. Shi ya sa kusa da tasha allura take tsayawa cak, in an yi nisa ta fara lilo.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Kuna sama, ka kamo tasha, ka ƙara murya ka saurari haruffan Morse ɗinta. In ka ji wani siririn kuka yana bin bayansu, yana hawa in ka ƙara wa injin wuta yana sauka in ka rage, to altaneta mai ba jirgin lantarki ce ke zuba hayaniya a layin. A ƙasa kuma, in filinku yana da VOT, wato tashar gwajin VOR, ka juya agogon da allurar ke ciki zuwa digiri 180, alamar ta nuna TO, allura ta zauna a tsakiya. Dokar Amurka ta yarda da kuskuren digiri 4 kacal a wannan gwaji, kuma dole a yi irinsa cikin kwana 30 kafin a tashi da VOR a cikin gajimare. Bayan haka mai gyaran ya zo da na'urar gwajinsa ya ba kowane rediyo saƙo kai tsaye, ba ta eriya ba. In sun amsa lafiya, magana ta ƙare: sabuwar waya RG-400, sabon akwatin rabawa, a kankare gindin eriya. Ka lura, GTN ɗin ma da wannan eriyar zai yi aikin VOR da ILS, tsarin rediyon da ke jagorantar jirgi zuwa titin sauka. In aka sa shi a kan ruɓaɓɓiyar waya, an gudu ne ba a tsira ba.

Sai maganar sauyawa. KX 170B ya yi wa duniya aiki tun shekarun 1970, amma ni ba zan kashe masa kuɗi ba. Ga nauyi, ga makunnansa na ƙarfe da ke lalacewa, ga masu iya gyaransa suna ta yin ritaya. A sallame shi da godiya. KX 155 kuwa daban ne. Dusashewar lambobi tsohon ciwonsa ne, na gilashin fuskar, bai shafi abin da ke kamo saƙo ba, kuma akwai shagunan da ke sauya fuskar.

GTN 650Xi na'ura ce mai kyau, ban ƙi ta ba. GPS, rediyon magana, VOR da ILS duk suna cikinta. To amma nan ne matsalar take. Ranar da ta mutu gaba ɗaya, ba ka da hanya, ba ka da bakin kiran hasumiya, duk a daƙiƙa guda. Kuɗinta ya haura dala dubu goma tun ba a taɓa sukurdireba ba, kuma masu jirgi kan manta cewa kwance allon gaba da ɗinka sababbin wayoyi aikin kwanaki ne, a ƙasar da ake biyan injiniya da awa.

Da nawa ne, ga yadda zan yi. A ramin KX 170B in sa Garmin GNC 355, wanda ya fito a 2019. GPS ne da rediyon magana, ba VOR a cikinsa, shi ya sa ya fi sauƙi. Yana aiki da WAAS, tsarin Amurka mai ƙara wa GPS daidaito, don haka zai sauko da ku ta tsarin LPV, wanda a wasu filaye yake kai jirgi har ƙafa 200 daga ƙasa, daidai da ILS. Sai dai tsohon agogon KX 170B ba lallai ne ya yi aiki da shi ba, ku sa kuɗin sabo a lissafi. KX 155 kuma a gyara fuskarsa ya zauna da VOR da ILS ɗinsa. Kun tashi da rediyon magana biyu da hanyoyi biyu da ba su dogara da juna ba.

Abokanka za su ce ai Amurka tana rufe tashoshin VOR. Gaskiya ne, hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, tana rage kusan kashi ɗaya cikin uku nasu zuwa 2030. Amma su tambayi kansu dalilin barin sauran. An tsara su ne yadda in GPS ya ɗauke, jirgin da ke ƙafa 5,000 sama da ƙasa zai samu tasha, ya kai filin da bai wuce mil 100 na ruwa ba ya sauka ba tare da tauraron ɗan'adam ba. Sojoji kan yi atisayen toshe GPS a kudu maso yammacin ƙasar, kuma maƙwabtanku ne. Wanda ya cire rediyon VOR ɗinsa ya fitar da kansa daga wannan tanadi.

Ga masu karatu na gida, ɗalibanmu na kwalejin jiragen sama ta Zariya musamman: lissafin nan na can ne. WAAS bai rufe Afirka ba, namu tsarin ana kan gina shi. Ranar da hazon hunturu ya rufe Kano, ILS ne abin dogaro.

In fuskar KX 155 ta ƙi gyaruwa kuka nemi na hannu, Likita, ka duba lambar jikinsa da idonka. Ana yin sa iri biyu, mai bolt 14 da mai bolt 28. Cessna ta koma 28 ne daga ƙirar 1978, naku na 1977 mai 14 ne. Ka tabbatar kuma yana da sashen da ke nuna gangarar sauka, domin ba kowane ke da shi ba. In an gama aiki, kada ku karɓi makulli sai kun ga an rubuta shi a littafin jirgi, an kuma sabunta takardar nauyi da daidaito, tunda abin da aka cire ya fi wanda aka sa nauyi.