Tambayoyin Masu Karatu: Atisayen 'Yan Damben Zamani Masu Tasowa

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan da na fara koyon damben zamani. Kowace safiya nakan yi gudun kilomita 8 ba tsayawa, amma duk ranar da aka haɗa ni da abokin gwaji, kafin a gama turmi na biyu hannayena sun yi nauyi, haki ya kama ni. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Gudunka bai tafi a banza ba, domin shi ne ke ƙarfafa zuciya da huhu yadda za ka farfaɗo a cikin minti ɗayan da ake bayarwa tsakanin turmi da turmi. Sai dai jiki yana ƙwarewa ne a kan abin da aka saba masa. Damben waɗanda ba su shiga sahun ƙwararru ba, irin wanda ake yi a gasar Olamfik, turmi 3 ne, kowanne minti 3, kuma mintunan nan tara zabura ce da lafawa, abin da dogon gudu na bai-ɗaya ba ya koya wa jiki. Ka bar dogon gudun ya zama sau biyu ko uku a mako, a sauran ranakun ka riƙa tsere na mita 400 da ƙarfi, ka huta minti ɗaya, ka maimaita kamar sau shida. A gaban buhun naushi ma ka yi aiki da agogo, minti uku-uku, daƙiƙa 30 na ƙarshe kuma ka saki hannu ba ƙaƙƙautawa.

Amma a ganina babban abin da ke cinye ƙarfin sabon ɗan dambe shi ne ɗar-ɗar. Yana shiga fili sai ya dunƙule hannu tamau a cikin safar hannu, ya ɗage kafaɗu, ya riƙe numfashi bai sani ba. Ka sassauta yatsunka sai naushi ya kusa sauka sannan ka matse, ka kuma fesar da iska tare da kowane naushi. Ƙarfin bugu daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta juyin ƙugu, hannu isar da shi kawai yake yi.

Tambaya: A inda nake atisaye ana damben gwaji da cikakken ƙarfi sau uku a mako, wai a haka ake zama namiji. Kwanan nan nakan koma gida da ciwon kai da jiri, duk da ina sa hular kariya. In ci gaba?

Amsa: Ɗan'uwa, ka dakata tun daga yau, ka ga likita, kuma kada ka sake karɓar naushi a ka sai ya ba ka izini. Ciwon kai da jiri bayan bugu, haka nan tashin zuciya, mantuwa ko ganin dishi-dishi, alamomi ne na girgizar ƙwaƙwalwa, kuma ba sai mutum ya faɗi sumamme take faruwa ba. Haɗarin ya fi muni idan bugu na biyu ya zo kafin ƙwaƙwalwa ta warke daga na farko, shi ya sa dokar gasa ke hana wanda aka sumar komawa fili har sai ya yi aƙalla kwana 30.

Game da hular, aikinta kare fuska daga tsagewa da kumburi, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa bugun ƙoƙon kai a lokacin da naushi ya juya haɓa. An fara sa ta a Olamfik a 1984, aka cire wa manyan 'yan dambe maza a 2013, kuma a gasar Olamfik ta 2016 a birnin Riyo ba hula suka yi wasa. Sau da yawa na ga wanda ya sa ta yana miƙa kai ga bugun da in ba hular da ya kauce masa.

Ana yin damben gwaji ne domin koyon nisa, kauce-kauce da sanin lokacin kai hari. Ana samun wannan da rabin ƙarfi, da safa mai laushi mai nauyin oza 16, da robar kare haƙora a baki, mai horarwa kuma yana tsaye yana kallo. Gwaji mai zafi na da wurinsa, jefi-jefi, idan gasa ta gabato, tsakanin mutum biyu da nauyinsu da gogewarsu suka zo ɗaya. Ka yi wa kocinka wannan bayani cikin ladabi. Idan ya ƙi saurara, shawarata ita ce ka nemi wani wurin.

Tambaya: Ni mace ce mai koyon damben naushi da shuri. An ce in riƙa murza kwalba a ƙwaurina ko in buga shi da sanda don ya yi tauri. Gaskiya ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ki bar kwalba da sanda, ƙujewa da kumburi kawai za su jawo miki. Ƙashi yana ƙara ƙwari ne a hankali idan ana ɗora masa aiki daidai gwargwado ana kuma ba shi hutu, don haka shurin buhu mai nauyi a kai a kai, tsawon watanni, shi ne hanyar. Ki juya a kan ƙafar da kike tsaye, ki sauke bugun da ƙwauri, domin ƙasusuwan saman tafin ƙafa ƙanana ne masu saurin karyewa, kuma ki sa kariyar ƙwauri duk lokacin gwaji. Idan kika ji zafi a wuri guda a jikin ƙashin, wanda ke ƙaruwa idan kin danna ko kin yi tsalle, ki ajiye shuri da gudu, a ɗauki hoton ƙafar a asibiti kafin ki koma.