Munafuki da mai riya: tambaya kan dinarin Kaisar

Wata mai karatu daga Kafanchan ta rubuto: “Malam, a Matiyu 22 Yesu ya kira waɗanda suka yi masa tambaya kan haraji munafukai. Ni a sanina munafuki shi ne mai kai gulma yana haɗa mutane faɗa. Su kuwa tambaya kawai suka yi. Ina munafuncin?”

Malama, tambayarki ta yi mini daɗi, domin a bakin Bahaushe kalmar ta ɗan karkata. Yau in an ce wance munafuka ce, abin da ke zuwa a rai shi ne mai ɗauko zance daga wannan ɗaki ta sauke a wancan. Wannan annamimanci ne, reshe ɗaya kawai. Kalmar munafuki aro ce daga Larabci, kuma masana Larabci suna danganta ta da ramin wani ɓeran hamada mai ƙofa biyu: ɗaya a fili, ɗaya a ɓoye, in an tare shi ta nan sai ya ɓulle ta can. Kalmar Girkanci da ke cikin Linjila kuwa asalinta ɗan wasan kwaikwayo ne, mai magana da fuskar da ba tasa ba.

To, duba yadda suka zo. Almajiran Farisiyawa ne, wato wata ƙungiyar malaman addinin Yahudawa, tare da mutanen Hirudus, sarkin da ke mulki a ƙarƙashin Roma, waɗanda ba a saba ganinsu a inuwa ɗaya ba. Suka fara da zuma: Malam, mun san kai mai gaskiya ne, ba ka duban fuskar kowa. Sannan suka ɗana tarkon: ya halatta a biya Kaisar, sarkin Roma, haraji ko kuwa? In ya ce a biya, jama'ar da mulkin Roma ya ishe su za su juya masa baya. In ya ce kada a biya, sai a kai ƙararsa gaban gwamna. Ƙofa biyu ke nan. Ba amsa suka zo nema ba, kuma yabon da suka yi gaskiya ne amma ba daga zuci ya fito ba. Mu abin da muke ce wa wannan shi ne Musa a baki, Fir'auna a zuci.

Abin da na fi so shi ne kowane marubuci da kalmar da ya ɗauka. Matiyu ya ce Yesu ya gane muguntarsu, Markus 12 ya ce munafuncinsu, Luka 20 ya ce makircinsu. Riya kuwa daban take: ita ce yin sadaka ko addu'a don a gani, wadda Matiyu 6 ya yi magana a kai, ko da yake can ma munafukai aka kira su.

Kin kuma tambaya ko amsar tasa ba zillewa ba ce. A ganina ba ita ba ce. Mai zillewa yakan bar kaza cikin gashinta, shi kuwa sai da ya faɗa musu a fuska cewa gwada shi suke yi. Sannan ya ce a kawo kuɗin harajin. Suka miƙo dinari, ɗan tsabar azurfa, ladan yinin lebura guda. Ya ce hoton wa ke jiki, sunan wa? Da bakinsu suka ce na Kaisar. Ya ce su ba Kaisar nasa, su ba Allah nasa. Dinarin nan kuma daga hannunsu ya fito, ba daga nasa ba.