Amsa ga mai tambaya kan kai rahoton direban da ya bugu

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce daren Asabar a Zariya ka biyo bayan wata Golf daga Kwangila zuwa Samaru tana tangaɗi a kan titi, har ta kusa kwashe ɗan acaɓa a Palladan. Ka rasa wanda za ka kira, kana kuma tsoron kada ka je caji ofis a riƙe ka, shi ya sa kake tambaya ko zuwa da safe zai wadatar.

Zuwa da safe ba ya kama mai maye. Hujjar wannan laifi a cikin jinin direba take, kuma tana raguwa da kanta. Iyakar da dokar hanya ta Najeriya ta sa ita ce giram 0.05 na barasa a cikin kowane mililita 100 na jini, jikin mutum kuwa yana kawar da kusan 0.015 a kowace awa. Wanda yake kan 0.08 da ƙarfe goma na dare, kafin sha biyu ya sauko bakin iyaka, kafin asuba babu abin da na'ura za ta gani. Idan ka je da hantsi ka ce jiya ka ga wane a buge, maganarka ce da tasa, ɗan sanda ba shi da abin riƙewa. Saboda haka rahoton da ke aiki shi ne wanda aka kai motar tana kan titi.

Lamba biyu za ka ajiye a wayarka tun yau: 112 ta kiran gaggawa ta ƙasa, da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra, wato 'yan Road Safety. Duka biyun kyauta ne. A kan manyan hanyoyi, irin ta Kaduna zuwa Kano da ta ratsa Gwargwaje da Ɗan Magaji, ko titin Sakkwato da ya nufi Shika da Funtuwa, fara da 122, don su ne ke sintiri a can, su ne kuma aka fi sani da na'urar hura numfashi. A cikin gari da dare, 'yan sanda ne suka fi kusa. Wani lokaci lambobin nan ba sa shiga da wuri, don haka yana da kyau ka leƙa ofishin 'yan sandan unguwarku da rana tsaka ka karɓi lambar DPO ko ta motar sintirinsu. Da rana kuma akwai abin da ya fi waya sauri: jami'in KASTLEA, wato hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, ko ɗan sandan hanya da ke tsaye a PZ ko Ƙofar Doka. Ka tsaya ka gaya masa baki da baki, shi zai kira na gaba.

Kafin ka kira, ka ja baya. Ka bar tazarar da idan ya taka birki ba zato za ka iya tsayawa, aƙalla ka ƙirga biyar tsakanin wucewarsa wata alama da isowarka. Motar da ke gudun kilomita 80 tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa ɗaya, kuma mai maye yakan makara kafin ƙafarsa ta kai ga birki, sannan ya danna shi gaba ɗaya. Kada ka yi ƙoƙarin wuce shi, don a lokacin da kuka jera ne yake karkatowa kanka. Kada ka dame shi da hon ko ka haske shi da babbar fitila. Wanda ya bugu idan ya ji ana bin sa totur yake ƙarawa, kuma mutanen bakin titi ne za su kwashi abin. Idan da wani a motarka, shi zai kira. Idan kai kaɗai ne, ka gangara gefe ka tsaya tukuna, don riƙe waya kana tuƙi shi ma laifi ne.

Wurin da rahoton yawancin mutane ke lalacewa shi ne abin da suke faɗa. Mutum zai kira a ruɗe ya ce "ga wani mahaukacin direba nan zai kashe mutane a hanyar Samaru", ya kashe waya. Hanyar Samaru doguwa ce, Golf kuma ta cika gari. Ka fara da wuri da inda ya nufa: "Yanzu ya wuce Palladan, ya nufi Zango." Inda ya nufa ya fi inda ka gan shi amfani, domin tare shi za a yi a gaba, ba za a bi shi a baya ba. Sai irin mota da launinta, sai lamba. Lambar mota haruffa uku ce, da alƙaluma uku, da haruffa biyu. Ukun farko na ƙaramar hukumar da aka yi rajista ne, irin ZAR na Zariya ko SBG na Sabon Gari, saboda haka motoci da yawa suna tarayya a kansu. Idan ba za ka iya riƙe duka ba, riƙe alƙaluman tsakiya da haruffa biyun ƙarshe. Launin rubutun lambar ma magana ne: shuɗi motar gida, ja ta haya, kore ta gwamnati. Ka ƙara da wata alama da ake gani daga nesa: fitilar baya ɗaya a mace, bamba a karye, rubutu a gilashin baya, buhuna a kan rufi. Da dare irin waɗannan sun fi lamba saurin ganewa.

Sannan ka faɗi abin da idonka ya gani kawai. Ya hau layin tsakiya sau uku cikin minti biyu. Ya gogi kwalbati. Yana tafiya ba fitila. Ya shiga hannun da ba nasa ba a shataletale. Yana gudu sai ya rage kamar zai tsaya, sai ya sake figa. Ka ce "ina zaton a buge yake", kada ka rantse a kai sai idan ka ga kwalba a hannunsa ko ka ji wari. Dalili biyu ne. Na farko, barci da faɗuwar suga da farfaɗiya duk suna sa tuƙi irin wannan, kuma mai ciwon suga da jikinsa ya saki yakan yi magana kamar mashayi. Shi ma tsayar da shi ceto ne, amma asibiti yake buƙata. Na biyu, bai wa jami'i labarin ƙarya da gangan laifi ne, wanda ya tsaya kan abin da ya gani kuwa babu abin da zai same shi ko da zatonsa bai tabbata ba.

A nan wajenmu ma ba giya kaɗai ba ce. Tiramol da kodin da wiwi sun fi yawa a tsakanin matasan da ke jan keke da acaɓa da motocin dare. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta 2007 ta haɗa barasa da ƙwaya a laifi ɗaya, ta tanadi tarar N5,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. Sai dai na'urar numfashi barasa kawai take gani. Wanda ya sha ƙwaya zai hura ta fito fes, don haka idan kana zaton ƙwaya ce ka faɗa tun farko, a san gwajin fitsari ko na jini ake buƙata. A ganina tarar N5,000 ta yi kaɗan ƙwarai a kan ran mutum, amma ribar kiran tana cikin raba shi da makulli a wannan dare.

Idan kai fasinja ne a cikin motar, kada ka tsaya gardama da direba yana kan gudu. Ka ce za ka kama ruwa, ko amai ya taso maka, direba ba ya son a ɓata masa kujera. Da ya tsaya ka sauka ka gaya wa sauran fasinja abin da ka lura, ka bar masa kuɗin motar. Idan akwai shingen jami'ai a gaba, nan ne ya fi dacewa ka yi magana. Idan kuma a tasha ne ba a tashi ba, ka je wurin shugaban layi ko ofishin ƙungiyar direbobi ka ce a canja direba. Suna da ikon hana shi lodi nan take. Goro da shayi mai kauri da watsa ruwa a fuska ba sa cire barasa daga jini, mutum ne kawai zai buɗe ido alhali hannunsa da ƙafarsa suna nan a sake. Kada a rarrashe ka da cewa an ba shi shayi ya warware.

Kan tsoron da ka ambata: wanda ya kira waya ya ba da bayani ba dole ba ne ya bi su ofis, kuma kana iya cewa kada a bayyana sunanka. Idan ka je da ƙafarka, ka nemi sashen kula da hanya, wanda ake kira MTD, ko jami'in da ke kanta. Ka ce a shigar da rahotonka a littafin ofis, ka rubuta sunan jami'in da lokacin. Idan aka rubuta maka bayani, a karanta maka shi da Hausa kafin ka sa hannu. Kai rahoto ba a biyan ko sisi. Wanda ya nemi wani abu a hannunka, ka nemi ganin DPO, idan abin ya faskara akwai ofishin Eriya Kwamanda na Zariya. Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba ita ce, idan an yi haɗari har aka ji rauni ko aka rasa rai, ana iya gayyatarka kotu ka ba da shaida. Shaida ba wanda ake tuhuma ba ne, kuma sau da yawa maganar mutum ɗaya da ya ga yadda motar ke tafiya kafin karo ita ce ke tsaya wa iyalan wanda aka buge.

Idan har ya riga ya buge wani, mai rauni ne farko. A kira 122, a nufi asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, wanda ya fi kusa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Wanda ake zaton ya karye a wuya ko baya kada a ɗauke shi a naɗe, a sa shi a kan abu mai faɗi, kai da jiki a miƙe. A zare makullin motar, a ɗauki hoton yadda ta tsaya da sawun taya da duk kwalba ko ƙwayar da ke ciki ba tare da an taɓa su ba. Don Allah a hana jama'a dukan direba ko ƙona mota. Bayan haramcinsa, yana rusa shari'ar: direba ya koma wanda aka zalunta, lokacin gwaji ya wuce yana kwance a gadon asibiti, masu dukan su shiga hannu.

Akwai kuma wanda abin ya zame masa jiki, maƙwabci ko direban da ke kai yara makaranta. Wannan kiran dare ɗaya ba ya maganinsa. Ka riƙa rubuta rana da lokaci da abin da aka gani, sau uku ko huɗu, ku samu mai unguwa da wani babba a gidansu a yi masa magana. Idan motar ta wani ce, a sanar da mai ita, don shi ne zai fi kowa saurin karɓe makulli. Idan bai daina ba, ku rubuta takarda zuwa ga DPO, mutum biyu ko uku su sa hannu, ku faɗi lokacin da ya saba fitowa da hanyar da yake bi, ku ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Da wannan ne za su iya tare shi a sa'ar da gwaji zai nuna wani abu.

Ita kuwa Golf ɗin daren Asabar, idan ka riƙe lambarta, ka kai musu duk da cewa lokaci ya wuce. Ba za a kama shi a kan wancan dare ba, amma idan an kawo rahoton wani da aka buge aka gudu a hanyar Samaru cikin wannan lokacin, lambar da ke hannunka ce za su fara bi.