Hukuncin Ɗanɗana Giyar Inabi A Tofar Ba Tare Da Haɗiyewa Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a fannin kula da otal-otal. A cikin darussan zaɓi akwai na sanin giyar inabi: ana zuba kaɗan a kofin gilashi, a kaɗa shi, a shaƙi ƙamshin, a kurɓa a juya a baki sannan a tofar. Ba na haɗiyewa, kuma ban taɓa jin maye ba. Gaskiya har na fara gane bambancin ta Bordeaux da ta Burgundy (yankuna biyu na Faransa da suka shahara da giyar inabi), abin yana burge ni. Wani ya ce mini wannan kamar mai azumi ne da ya ɗanɗana miya. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya, kuma ka faɗi gaskiyar abin da ke ranka. Haramcin giyar inabi, kaɗan da yawa, babu saɓani a kansa. Ɗanɗanawar da ka siffanta ba ta halatta ba, zaman ajin ma haka.

Kalma biyu na riƙe a wasiƙarka. Ta farko, ka ce darasin na zaɓi ne. Wannan ya rufe ƙofar larura tun kafin a buɗe ta, domin za ka karɓi takardar shaidarka ba tare da shi ba. Ko da dole ne ma, neman shaidar karatu bai kai larurar da ke halatta haram ba. Ɗariƙ bin Suwaid ya nemi izinin yin giya don magani, Annabi (SAW) ya ce masa ita ba magani ba ce, cuta ce, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Yanzu ga maganar mai azumi, wadda na ji ta a bakin masu karatu ma, don haka zan daɗe a kanta. Gaskiya ne Bukhari ya kawo daga Ibn Abbas cewa babu laifi mai azumi ya ɗanɗana abin da ke tukunya. Amma miya halal ce a zatinta, lokaci ne kawai ya hana cinta, da faɗuwar rana ta dawo halal. Abin da aka hana mai azumi shi ne shigar da abu cikinsa. Ita kuwa giya, a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida Allah bai tsaya a kan sha ba, cewa ya yi "fajtanibuhu", ku nisance ta. Wanda ya tsoma hanci a kofi, ya cika baki da ita yana juyawa, ina nisantar take? Kwatanta abu biyu da dalilin hana su ya bambanta ƙiyasi ne ɓatacce.

Sannan ita kanta da'awar "ba na haɗiyewa" ba ta cika ba. Galibin giyar inabi tana ɗauke da barasa, wato sinadarin da ke sa maye, tsakanin kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari. In ka tofar, saura na liƙe a harshe da dasashi, ya bi yawu ya wuce. Kofi ɗaya kake gwadawa a zama, ko takwas, ko goma? Annabi (SAW) ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa haramun ne. Rashin jin mayenka bai zama hujja ba. Kuma a wurin mazhabobi huɗu giya najasa ce. Da wannan bakin za ka je ka karanta Fatiha. Ko wanda ya bi Rabi'a malamin Imamu Malik da Shaukani, da suka ce zatinta ba najasa ba ne, bai sami mafita a nan ba, domin ba su taɓa cewa a sa ta a baki ba.

Ka kuma tambayi kanka, don me ake koyar da darasin? Don gobe ka tsaya a kan baƙo ka ce masa wannan kwalbar ce ta dace da naman da ya zaɓa, ka buɗe, ka zuba. Hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito ya la'anci mutum goma a kan giya, cikinsu akwai mai ɗaukarta, mai shayar da ita da mai sayar da ita. Darasin tsani ne zuwa wannan aikin.

Kalma ta biyu ita ta fi tayar mini da hankali: "abin yana burge ni". Ƙamshin da iska ta kawo maka kana wucewa babu laifi a kanka. Amma ka zauna kana koya wa hancinka da harshenka son abin da Allah ya ƙi, kana neman ƙamshin 'ya'yan itace da na gangar katakon da ake tsima giyar a ciki, wannan tarbiyya ce kake yi wa zuciya. Tsakanin tofarwa da haɗiyewa, ɗana, maƙogwaro ne kawai, kuma ranar da kake cikin baƙin ciki ko kaɗaici ba ranar da za ka dogara da ƙarfin halinka ba ce.

Ka je wurin mai kula da darussa cikin ladabi ka nemi a canza maka. Baiwar hancin nan da Allah ya ba ka kada ka binne ta: ana neman gwanayen ɗanɗana gahawa, shayi, zuma da man zaitun, da masu haɗa turare, kuma sana'o'i ne na mutunci. Ruwan inabi da bai tsimu ba halal ne, sha abinka. Wadda kuma aka fara tsima ta giya sannan aka cire mata barasa, ina ba ka shawarar ka bar ta, musamman kai da harshenka ya riga ya san ɗanɗanon asalin. Abin da ya wuce ka yi istigfari, ka daina daga yau, kuma in lokacin neman aiki ya zo ka faɗa musu tun a ganawar farko cewa ba ka hidimar giya.

Wallahu a'alam.