Kafin Ka Tura Gyara Cikin Ɓangaren Wani

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma ina taya ka murna. Ka ce masu kula da buɗaɗɗiyar manhajar nan da ka daɗe kana aika wa faci, wato gyare-gyaren lambar da aka rubuta manhajar da ita, sun ba ka ikon shigar da aiki kai tsaye cikin babban rumbu, inda ake ajiye lambar manhajar, ba sai ka jira wani ya shigar maka ba. Sai ga tambayar da na san tana tafe: ka gano kuskure a wani ɓangare da ba kai ke kula da shi ba, gyaransa layi uku ne kacal, ka rubuta wa mai ɓangaren ya yi shiru, ga kuma iko a hannunka. Ka tura kawai?

Kada ka tura.

Git, kayan aikin da ke riƙe tarihin canje-canjen da ke rumbun, bai san iyakarka ba. Duk abin da ka tura zai karɓa, ko a ɓangarenka ko a na wani, domin a yawancin ayyuka ikon da na'ura ke bayarwa ya fi izinin da mutane suka bayar faɗi nesa ba kusa ba. Kamar yaron kanti ne da maigida ya miƙa wa mabuɗai don ya riƙa buɗe ƙofa da safe. A cikinsu akwai na sito, akwai na akwatin kuɗi, amma shi da maigidan duk sun san wanne aka ba shi dominsa. Waɗanda suka ba ka ikon nan sun ga aikinka a wani yanki ne suka yarda da kai a kansa. Sauran yankunan, yanzu za su fara kallon yadda za ka yi da su.

Manyan ayyuka ba su bar wannan ga zato ba, sun rubuta shi. A FreeBSD, wani buɗaɗɗen tsarin sarrafa kwamfuta, duk sabon da aka ba ikon shigar da aiki sai an haɗa shi da wani gogagge da zai zama ubangidansa, kuma ba ya shigar da komai sai ubangidan ya amince, a rubuta layin "Approved by:" a jikin bayanin aikin, har ranar da ubangidan zai sake shi. Cikin dokokinsu har da cewa a tattauna duk wani babban canji kafin a shigar, kuma a mutunta mai kula da ɓangare. A LLVM kuwa, aikin kayan fassara lambar manhaja zuwa yaren na'ura, abin da ake ba sabo shi ne ya shigar da aikin da aka riga aka duba aka amince. An yarda ya shigar ba tare da jiran kowa ba a wuri biyu: ɓangaren da shi yake kula da shi, da kuma gyaran da ke a bayyane, irin su gyara rubutun bayani, ko ɗaga ginin da ya karye (wato lambar ta ƙi haɗuwa ta zama manhaja mai aiki), ko janye facin da kowa ya ga ya lalata abu. To ka auna naka da wannan ma'auni. Layukanka uku suna canza yadda manhajar ke aiki, saboda haka ba su cikin abin da ke a bayyane, ko da a idonka sun fi rana fitowa.

Kafin ma ka kira shi kuskure, ka buga git blame, umarnin da ke nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, a kan fayil ɗin, ka nemo ranar da layin ya shiga, ka karanta bayanin wanda ya shigar da shi. Sau da yawa layin da ka ga kamar shirme ne, an sa shi ne don wata tsohuwar na'ura, ko don wani mai amfani da manhajar da ya dogara da wannan halin shekara da shekaru. Mai kula da ɓangaren yana ɗauke da wannan tarihin a ka. Kai ba ka da shi tukuna.

Abin yi shi ne abin da ka saba yi tun kafin a ba ka iko. Ka buɗe buƙatar haɗewa, wato roƙon a duba gyaranka a shigar, ka sa gwajin da ke faɗuwa kafin gyaran kuma yake wucewa bayansa, ka ambaci mai ɓangaren. In mako ya wuce shiru, ka tuna masa a fili inda sauran masu kula za su gani, cikin ladabi, ka tambaya ko akwai wani da zai iya dubawa. Yawancinsu 'yan sa kai ne, suna da aikin ofis da iyali, wani ma dare ne a garinsu lokacin da kake jiran amsa. A ayyukan gidauniyar Apache, mai ɗaukar nauyin buɗaɗɗun manhajoji da yawa, akwai al'adar cewa in ka sanar da niyyarka a fili aka yi awa 72 ba wanda ya ce a'a, shirun ya zama yarda. Amma al'adarsu ce, a rubuce take. Kada ka ɗauko ta ka kai inda ba a san ta ba ka ce ai sun yi shiru.

Yanzu bari in zo kan abin da ba ka tambaya ba, wanda kuma ya fi damuna da layukanka uku. Daga yau mutane za su fara kawo maka facinsu ka shigar musu. Wanda ya rubuta yana da alhaki, amma wanda ya shigar shi ne ya ce wa duniya na duba, na yarda. A ranar 31 ga Disamba 2011 aka shigar da wani faci cikin OpenSSL, manhajar da ke ɓoye sirrin saƙonni a intanet, bayan mutum ɗaya ya duba shi. Abin da ya ɓace a ciki bincike ne guda: a tabbatar tsawon saƙon da kwamfutar ɗaya gefen ta faɗa ya yi daidai da abin da ta aiko. Ya fita cikin siga ta 1.0.1 a Maris 2012, ba a fallasa shi ba sai 7 ga Afrilu 2014, da sunan Heartbleed. Duk tsawon lokacin nan, mai kai hari na iya ɗebo har kilobait 64 daga ƙwaƙwalwar uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, a kowace buƙata, har da kalmomin sirri da mabuɗai. Wanda ya rubuta da wanda ya duba duk masu ilimi ne, kuma gyaran bai wuce 'yan layuka ba. Wannan kaɗai ya isa ya hana ka auna haɗarin faci da tsawonsa.

Saboda haka duk abin da ba ka fahimta ba, kada ka shigar. Ka sauke shi a kwamfutarka, ka gina, ka gudanar da gwaji, ka karanta kowane layi, har da fayilolin da ba wanda yake son karantawa: rubutun gini da fayilolin gwaji. A can aka ɓoye ƙofar baya, wato hanyar shiga kwamfuta a asirce, da aka dasa a xz, manhajar matse fayiloli. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aika gyare-gyare masu kyau tun 2021. A 2022 wasu asusu suka riƙa matsa wa mai kula da aikin, Lasse Collin, cewa aiki na tafiyar hawainiya, ya ƙara mataimaki. Ya ƙara Jia Tan. A sigogin 5.6.0 da 5.6.1 na 2024, muguwar lambar tana kwance cikin fayilolin gwaji, abin da ke tayar da ita kuma yana cikin rubutun gini na kunshin da aka rarraba. Andres Freund, injiniya mai aiki a kan manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, shi ya lura shiga na'urarsa ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na ƙara kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu, ya sanar a ranar 29 ga Maris 2024. Ba ina cewa ka zargi kowa ba ne. Amma in wani ya dame ka da "a shigar yau, a shigar yau", matsin da kansa dalili ne na ka ƙara dubawa. Abokanka ma za su zo, wanda kuka yi makaranta tare zai ce haba, kai ma ka san aikina. Ka ce masa ya bi layi, kuma ya fi kyau wani ne zai duba nasa ba kai ba.

In ka shigar da aikin wani, ka bar sunansa a matsayin marubuci, naka ya tsaya a matsayin wanda ya shigar. Git yana riƙe su biyun daban. In aikin yana neman layin "Signed-off-by", irin wanda Linux ta fara nema tun 2004, ka tabbatar mai facin ne ya sa da hannunsa, don shaida ce cewa yana da haƙƙin ba da lambar a ƙarƙashin lasisin aikin. Lambar da aka kwafo daga wani wuri ba a san lasisinta ba, mayar masa da ita.

Za ka karya gini wata rana, kowa yana karyawa. Abin da ake kallo shi ne abin da ka yi a awa ɗaya da ta biyo baya. Ka yi git revert, wato ka janye canjin, gini ya koma daidai, sannan ka zauna ka nemo matsalar a natse. Kada ka tsaya lanƙwasa gyara a kan gyara mutane na jiran ka. In wani ne ya janye naka, ba cin mutunci ba ne, ka gode masa ka tambayi abin da ya gani. A FreeBSD ma doka ce, in mai kula da ɓangare ya nemi a janye canjin da ake gardama a kansa, a janye tukuna sannan a ci gaba da magana. Wannan ne ya sa nake ta nanata maka ka riƙa raba aiki ƙanana, kowane ɗaya da manufa ɗaya da bayanin dalilinsa. In ka cakuɗa gyaran kuskure da gyaran tsarin rubutu a dunƙule ɗaya, ba mai iya janye ɗaya ya bar ɗaya, kuma wanda zai bi sawun matsala da git bisect, umarnin nemo canjin da ya kawo ta, bayan shekara biyu zai iso kan tulin layuka ɗari biyar ya rasa ta inda zai kama.

Kada ka tura aiki in ka san ba za ka iya zama ka ga sakamakon gwaji ba. In batir ya kusa mutuwa ba wuta, ko data ta kusa ƙarewa, ko za ka hau mota, bar shi sai ka dawo. Haka in an sanar an daskarar da rumbu don fitar da sabuwar siga, hannunka ya tsaya sai mai kula da fitarwa ya ce bismilla.

Git push --force kuwa, turawar dole da ke take tarihin da ke rumbun, a babban reshe da kowa ke aiki a kai, ka ɗauka babu shi. A Nuwamba 2013 wani mai ikon shigar da aiki a Jenkins, manhajar gina manhajoji da gwada su, ya yi shi bisa kuskure, ya mayar da rumbuna sama da 150 baya a lokaci guda, sai da aka bi su ana maido da tarihinsu. Ba mugunta ya yi ba, saitin kayan aikinsa ne, kuma ikonsa ya kai ga rumbunan da bai taɓa aiki a cikinsu ba.

Asusunka ma ya tashi daga naka kai kaɗai, duk wanda ya shige shi ya shiga aikin da sunanka. Sa wa mabuɗin SSH ɗinka kalmar sirri, kada ka bar shi a kwamfutar shagon intanet ko ta aboki. GitHub, shafin da ake ajiye rumbunan manhajoji, ta fara tilasta tantancewa mai mataki biyu a kan masu ba da gudummawar lamba tun 2023. Ka yi taka da manhajar tantancewa maimakon saƙon tes, don layin waya ana iya sace shi ko a rufe shi. Lambobin ceto da za a ba ka, ka rubuta su a takarda ka ajiye a gida, ba cikin wayar da za ta iya faɗuwa a kasuwa ba.

Ka nemo takardar ƙa'idojin masu shigar da aiki ta aikin naku ka karanta ta daga farko har ƙarshe a daren nan, don inda ta saɓa da abin da na faɗa maka, ita za ka bi. In ba su da ita a rubuce, ka tambayi wanda ya ba ka ikon kai tsaye: wane ɓangare zan taɓa ba tare da jira ba, kuma wa zai riƙa duba nawa?